Yadda Ake Gano Matsalar Esin Mota Da Gyara Ta

Daga ƙarshen Fabrairu har saukar damina, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci digiri 40, layin motoci ba ya yankewa a wajen masu gyaran esi. Kusan kowane mai mota maganarsa ɗaya ce: "Malam, a ƙara min gas." A nan kuskuren yake farawa. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa shekara da shekaru. Idan ya ragu sosai, to akwai inda yake zurarewa, kuma ƙarin da za a yi maka ta wannan hujin zai bi. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan lafiya lau, fiyus ne ya ƙone, ko fanka ta tsaya, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Shi ya sa ake fara bincike daga abin da bai kai kuɗin kati ba, kafin a kai ga abin da zai ci albashi.

Kafin komai sai ka san hanyar da gas ɗin yake bi. Kwamfuresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, ita ce ke matse gas ya yi zafi. Daga nan ya wuce kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke gaban lagireton mota, inda iska ke kwashe zafin har gas ya koma ruwa. Ruwan ya ratsa diraya, wadda ke tsotse danshi da tace datti, ya iso wani ƙaramin bawul mai matsattsen baki da ke fesa shi cikin kulin koyil a bayan dashbod. A can yake tafasa, domin gas ɗin esin mota mai suna R134a kan tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili, kuma tafasar ce ke zuƙe zafin iskar da ke cikin mota. Bututu biyu za ka gani a cikin bonet: mai kauri, mai murfi da harafin L, shi ne ɓangaren ƙaramin matsi, kuma sanyi gare shi idan esi na aiki, siriri mai harafin H shi ne na babban matsi, zafi gare shi.

Fara daga kujerar direba

Tada mota, kunna esi, kai fanka ƙarshe, ka danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa cikin mota. Abin da ka ji a minti biyu na farko yana rage rabin aikin.

Idan iska ba ta fitowa ko kaɗan, ba maganar gas ba ce, bulowa ce, wato fankar da ke hura iska cikin mota, ko fiyus ɗinta. Idan tana fitowa a lamba ta ƙarshe kaɗai, sauran lambobin shiru, rezistan bulowa ne ya ƙone, ɗan ƙaramin abu ne da ke manne kusa da ita, noti biyu ke riƙe da shi. Idan kuwa kana jin ƙugin bulowa amma iskar ba ƙarfi, buɗe akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, ka zaro matatar iska da ke bayansa. A motar da ta sha hanyar Alkaleri ko Darazo cikin hunturu za ka same ta ta koma launin ƙasa, wani lokaci da ganye har da sheƙar ɓera. A canza ta duk bayan hunturu. Wasu kan cire ta su yar, iska ta dawo da ƙarfi, mai mota ya tafi yana murna. Ƙurar da matatar ke tarewa sai ta koma kan kulin koyil mai jiƙe, ta zama taɓo, kuma wanke wannan sai an kwance dashbod.

Idan gefe ɗaya sanyi, gefe ɗaya ɗumi, abu biyu ne: ko gas ya ragu har ba ya cika kulin koyil, ko ƙaramin moton da ke juya ƙofar iskar hita ya lalace. Na biyun yakan yi ƙarar ƙas-ƙas a cikin dashbod idan ka murɗa maɓallin zafi da sanyi. Ruwa a ƙasan kafet na gaba kuwa tiyon da ke zubar da raɓa ne ya toshe. A zura masa waya mai laushi daga ƙasan mota. Wari irin na jiƙaƙƙen tsumma ma daga wannan ruwan da ya kwanta yake.

Akwai alamar da direbobin cikin gari suka fi kawowa: esi na sanyi a kan hanyar Jos ko Gombe, amma da an shiga cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal sai ya koma hura ɗumi. Wannan kusan kullum iska ce ba ta ratsa kwandensa. A guje, iskar hanya ke yin aikin. A tsaye, fanka ce kaɗai.

Buɗe bonet

Bar inji yana aiki, wani ya riƙa kunna esi yana kashewa, kai kuma ka zuba wa fuskar kwamfuresa ido. Ka tattare hannun riga da malum-malum daga bel da fanka. Fulin kwamfuresa kullum juyawa yake, amma farantin da ke gabansa sai an kunna esi yake yin "ƙyat" ya kama ya bi shi. Wannan shi ne kulocin maganaɗisu. A lokaci guda fankar kwandensa ta kamata ta tashi.

Ba kowace mota ce ke da wannan kuloci ba. Mercedes, Volkswagen da sababbin Toyota da dama suna da kwamfuresar da cikinta ke juyawa koyaushe, wani bawul na lantarki a bayanta ne ke ƙara ko rage aikinta. A irin waɗannan, ganin tana juyawa ba ya nuna tana aiki, kuma sau da yawa bawul ɗin ne ke mutuwa a ɗora wa kwamfuresa laifi.

Gwada fanka da ƙyallen takarda: sa shi a gaban kwandensa, ya kamata iska ta ja shi ya manne. Idan tana ture shi waje, an juya wayoyin fankar, abin da kan faru bayan an sa ta Beljiyam ko an yi mata haɗin kai tsaye. Duba kuma tsakanin kwandensa da lagireto, inda ciyawa, leda da fara ke taruwa. A wanke da ruwan tiyo mai sauƙin ƙarfi. Injin wanke mota mai tsananin feshi yana kwantar da siraran haƙoran kwandensa, iska ta daina wucewa.

Idan kuloci bai kama ba

Bi wannan jeri, kada ka tsallake. Da farko fiyus na esi a akwatin fiyus na cikin bonet. Murfin akwatin na ɗauke da zanen wurin kowanne. Sai rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke tura wa kuloci wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da wani rile mai lamba iri ɗaya, kamar na hon. Idan kuloci ya kama, an gama. A motocin Honda wannan rile ɗin na daga cikin abin da aka fi fara zargi.

Idan ba su ba ne, zare soket ɗin kwamfuresa ka auna da mitar auna wuta. Idan wuta bolt 12 na isowa amma kuloci bai motsa ba, auna koyil ɗinsa: lafiyayye kan nuna om 3 zuwa 5. Idan mita ba ta nuna komai ba, koyil ya yanke. Idan koyil lafiya, auna tazarar da ke tsakanin faranti da fuli da siraran ƙarafan auna tazara. Yawanci milimita 0.3 zuwa 0.6 ake so. Da faranti ya ci, tazarar ta buɗe, maganaɗisun ba ya iya jawo shi idan ya yi zafi. Alamar wannan a fili take: esi na aiki da safe, bayan tafiyar minti 20 ya ɗauke, kuma idan ka ɗan ƙwanƙwasa farantin da ƙotar sukundireba sai ya kama. Gyaransa shi ne a kwance notin tsakiya, a zare faranti, a cire siririn washa ɗaya daga cikin waɗanda ke bayansa. Kwamfuresa nawa aka yar saboda washa ɗaya, Allah kaɗai ya sani.

Idan wuta ba ta isowa sam, to na'urar motar ce ta hana, kuma galibi tana da dalili. Akwai makunnin matsi a kan siririn bututu da ke yanke wuta idan matsi ya faɗi ƙasa da kusan psi 28 (psi ma'aunin matsi ne) ko ya haura kusan 450. Wasu masu gyara kan haɗa bakinsa da guntun waya, ko su ja wa kwamfuresa wuta kai tsaye daga batir. A yi hakan na daƙiƙa biyu don gwaji, babu laifi. A bar shi haka a sallami mota, kisan kai ne ga kwamfuresa, domin man da ke shafa cikinta tare da gas yake yawo. Babu gas, babu mai.

Karatun geji

Gejin esi agogo biyu ne: shuɗi na L, ja na H, sai tiyo mai ruwan ɗorawa a tsakiya na tulun gas ko injin zuƙe iska. Rufe bawulolin geji duka biyu kafin ka haɗa. Sa tabarau da safar hannu, don ruwan gas idan ya taɓa fata ƙona ta yake kamar wuta, a ido kuwa yana iya makantarwa.

Karatu na farko inji a kashe, mota ta huce a inuwa. Allurai biyun za su tsaya wuri ɗaya, kuma adadin na bin zafin gari ne. Ga R134a: kusan psi 82 a digiri 25, 97 a digiri 30, 114 a digiri 35, 133 a digiri 40. Idan ka ga 30 ko 40 da tsakar ranar Afrilu, gas ya kusa ƙarewa. Amma ganin 110 ba ya nufin a cike yake. Muddin akwai ɗan ruwan gas a ciki, ko rabi ne ya rage, adadin da zai nuna ke nan.

Karatu na biyu inji na aiki a juyi 1,500 a minti, esi a ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshe. Littafin gyara na Toyota ya ba da psi 22 zuwa 36 a shuɗi, da kusan 200 zuwa 228 a ja, idan iskar da ke shiga tana tsakanin digiri 30 da 35. A tsakiyar bazarar Bauchi ja na iya kaiwa 250 ko ya ɗan wuce ba tare da wata matsala ba.

Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu, akwai yoyo. Idan duka sun yi sama, ko an cika gas fiye da kima, ko kwandensa ba ta hucewa, ko iska ta shiga cikin bututu. Raba su da butar ruwa: kwarara ruwa a kan kwandensa, idan jar allura ta faɗo da sauri kuma sanyi ya dawo cikin mota, matsalar fanka ce ko datti. Idan shuɗi ya hau zuwa 60 ko 70, ja kuma ya kasa wuce 120 ko 130, allurai suna neman haɗuwa, kwamfuresa ta gaji ko bawul ɗinta na lantarki ya maƙale. Idan shuɗi ya nutse zuwa sifili ko ƙasa, wani wuri ya toshe, bawul ɗin fesawa ko diraya. Shafa siririn bututu da hannu daga kwandensa zuwa ciki: inda ya sauya daga ɗumi zuwa sanyi kwatsam, ko ya yi raɓa, nan toshewar take.

Akwai wata mai rikita mutane. Esi ya yi sanyi minti 10 ko 15, ya ɗauke, shuɗin allura ya nutse; a kashe na ɗan lokaci, a kunna, ya dawo. Danshi ne a cikin bututu yake daskarewa a bakin bawul ɗin fesawa, ya narke, ya sake daskarewa. Maganinsa sabuwar diraya da zuƙe iska mai kyau. Kada a rikita ta da ƙanƙarar da ke rufe kulin koyil daga waje: ita wannan iskar ce ke raguwa a hankali a doguwar tafiya, babban bututu ya yi fari fat, kuma sanadinta na'urar jin sanyi ce da ta mutu ko aka cire.

Neman yoyo

Inda gas ya fita, mai na biye da shi, ƙura kuma ta manne. Don haka fara da ido: duk wani baƙin tabo mai maiƙo a mahaɗar bututu, a inda aka matse tiyon roba da ƙarfe, a kusurwoyin kwandensa da tsakuwa ke duka, ko a bayan fulin kwamfuresa. Cire murfin L da H ka ɗiga ruwan sabulu a kan bawul ɗin ciki, irin na tayar mota ne, kuma yana yawan yoyo.

Idan ido bai gani ba, a cika layin bututun esi da iskar naitirojin zuwa psi 150, a bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, a bar geji a kai rabin awa a ga ko allura za ta sauka. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda: haɗuwarta da mai fashewa ce. Iskar injin faci ma ba ta dace ba, ruwa take ɗurawa ciki. Ƙaramin yoyo da ke ɗaukar watanni ana kama shi da rinin da ake zubawa cikin layi, a yi kwana biyu ana hawa, sannan a haska da tocila mai shuɗin haske, wurin ya yi kore shar. Idan waje duk lafiya amma matsi na sauka, saura kulin koyil. Haska bakin tiyon zubar da raɓa. Idan rinin ya fito ta nan, dashbod zai sauka.

Duk mahaɗar da aka kwance a sa mata sabuwar robar zobe ta esi, galibi koriya, a shafa mata man kwamfuresa. Baƙar roba ta famfo ba ta jure wannan gas da mansa. Maganin toshe yoyo da ake sayarwa a gwangwani a bar shi a kanti, bawul yake toshewa. Idan layi ya kwana a buɗe ko ya daɗe babu gas, a canza diraya. A motoci da yawa ƴar jaka ce da ake zarowa daga gefen kwandensa.

Idan kwamfuresa ce ta mutu

Kafin a sa wata, a juye man tsohuwar a farin kofi. Mai haske ko ruwan zuma, cikin layi da tsabta. Baƙi ko toka-toka mai ƙyallin garin ƙarfe, to kwamfuresar ta niƙe kanta ta watsa garin ko'ina. A nan dole a canza kwandensa, diraya da bawul ɗin fesawa, a wanke bututu da kulin koyil da ruwan wankin esi, a busar da naitirojin. Kwandensar motocin yanzu ramukanta ƙanana ne ƙwarai kuma a jere suke, ruwan wanki sai ya bi waɗanda ke buɗe ya bar masu datti. Wanda ya ƙi sayen kwandensa zai sayi kwamfuresa sau biyu.

Ta Beljiyam a duba ta: bakinta a toshe yake ko a buɗe ta sha ƙura, tana juyawa da hannu ba tare da kakarewa ba, kuma idan ka sa yatsa a bakin fita kana juyawa kana jin tana turo iska.

Mai shi ne inda aka fi yin ganganci. R134a da man PAG yake aiki, mai lamba 46, 100 ko 150 gwargwadon kwamfuresa; na kwamfuresar kamfanin Denso da ke cikin yawancin Toyota 46 ne. Ba a zuba baƙin mai, ba a zuba man firij. Idan kwamfuresa kaɗai aka canza, a juye man sabuwar, a mayar mata daidai abin da aka samu a tsohuwar. Idan an canza kwandensa ko kulin koyil, a ƙara kusan mililita 30 zuwa 40 ga kowanne, diraya 10 zuwa 20. Mai da yawa rufe cikin bututu yake, sanyi ya ragu. A juya farantin da hannu sau 10 bayan an ɗaura, kuma a rufe gorar man nan take don yana shan danshin iska. Motoci masu haɗin batir da fetur irin su Prius kwamfuresarsu ta lantarki ce, man POE na musamman take sha. PAG a cikinta na iya sa babbar wuta ta zurara zuwa jikin mota.

Zuƙe iska da cika gas

Haɗa tiyon tsakiya da injin zuƙe iska, buɗe bawuloli biyu, a bar shi minti 30 zuwa 45. Ba iska kaɗai ake cirewa ba: idan matsi ya faɗi sosai, ruwan da ke ciki tafasa yake ya fita. Littattafai kan ce allura ta kai inci 29 zuwa 30 ƙasa da sifili, amma wannan lissafin bakin teku ne kamar Legas. Bauchi na kan tudun kusan mita 600, don haka wajen inci 28 allura za ta tsaya, ba laifin injin ba ne. Rufe bawuloli, kashe injin, jira minti 15. Idan allura ta motsa sama, da sauran yoyo, kada a zuba gas. Tsohuwar kwamfuresar firij da wasu ke amfani da ita ba ta ja sosai, hura gas ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya kuma ɓarnar gas ce kawai, danshi na nan.

Duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Tana faɗin irin gas da nauyinsa. Yawancin motocin da suka girmi 1994 da R12 suka zo. Daga nan R134a. Sababbin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka kuma da yawa R1234yf ne, wanda bakin cikawarsa daban ne kuma yana iya kama wuta. Ba a gauraya su. Ƙananan motoci yawanci giram 450 zuwa 650 suke ci, masu esin baya sun fi haka. Gwangwani ɗaya giram 340 ne, babban tulu kilo 13.6.

Jabun gas ya yi yawa, kuma ana iya kama wani da geji. Tulun da ya wuni a inuwa a digiri 30 ya kamata ya nuna kusan psi 97. Idan ya nuna 140 ko 150, an gauraya shi da R22 na esin ɗaki ko iska. Wanda ya yi ƙasa sosai kuma ana zargin gas ɗin firij ne mai cin wuta.

Ɗora tulu a kan sikeli, rubuta nauyinsa. Haɗa tiyon tsakiya, buɗe tulu, sassauta tiyon a wajen geji daƙiƙa biyu iskar cikinsa ta fita. Inji a kashe, kifa tulu, buɗe jan bawul kaɗai, layin zai zuƙi ruwan gas da kansa. Idan ya tsaya kafin nauyi ya cika, rufe jan bawul gam, miƙar da tulu tsaye, tada mota, kunna esi, ka ƙarasa ta shuɗin bawul a hankali kana kallon sikeli. Abu biyu ba a yi inji na aiki: buɗe jan bawul, don matsin zai koma cikin tulu ko gwangwani ya fasa shi, da kifa tulu ta shuɗi, don kwamfuresa ba ta iya matse ruwa, bawulolin cikinta karyewa suke. Da sikeli ya nuna nauyin da ke kan takarda, a rufe. Cikawa da taɓa bututu har sai ya yi raɓa ita ke sa a wuce kima, ja ya haura 300, kuloci ya riƙa kamawa yana saki, inji ya fara zafi a cunkoso.

A ƙarshe rufe gilasai, soka ma'aunin zafi a hancin iska na tsakiya, riƙe inji a juyi 1,500 na minti 10. Digiri 5 zuwa 10 ake nema. Da tsakar rana mota na tsaye a fili, 12 ma ya yi. Sake bin mahaɗun da aka taɓa da kumfar sabulu, sannan a mayar da murfin L da H a ɗaure su, domin robar da ke cikinsu ita ce ke tare abin da bawul ya bari ya wuce.